Darasi na 9: Yadda kasuwar hannayen jari ta New York ta karye a 1929

Hannun jari wani yanki ne na mallakar kamfani. Idan an raba kamfani kashi dubu ka sayi goma, to goma cikin dubu na ribarsa taka ce, haka ma asararsa. Inda ake cinikin waɗannan hannaye shi ne kasuwar hannayen jari, kuma sai ta hannun dillali ake shiga, kamar dai mai sayen shanu a kara. Babbar kasuwar Amurka tana kan titin Wall Street a birnin New York. Ana auna lafiyarta da ma'aunin Dow Jones, wanda ke haɗa farashin manyan kamfanoni 30. A 1921 ma'aunin yana wajen 64. Ranar 3 ga Satumba 1929 ya kai 381, wato ya ninka kusan sau shida cikin shekara takwas.

Sayayya da kuɗin aro

A nan cutar take, don haka a ɗauko alli ko fensir a bi lissafin a hankali. A wancan zamani dillali kan yarda mai saye ya biya kashi 10 kacal cikin 100, shi ya ranta masa sauran da kuɗin ruwa, ya riƙe hannayen a matsayin jingina.

A ce mutum yana da dala 100. Dillali ya ranta masa 900, suka zama 1,000, ya sayi hannu 10 a kan dala 100 kowane. Idan farashi ya hau zuwa 110, kayansa sun kai 1,100. Ya biya bashin 900, saura 200 a hannunsa. Farashi ya ƙaru da kashi 10, kuɗinsa kuwa sun ninka. Wannan daɗin ne ya ja mutane.

Yanzu a juya lissafin. Farashi ya sauka zuwa 90, kaya sun koma 900, daidai kuɗin dillali, shi mai saye ba shi da ko sisi. Idan ya sauka zuwa 80, uwar kuɗinsa ta tafi, ana kuma binsa 100. Dillali ba ya jira a kai nan. Da ya ga jingina ta fara raguwa sai ya buga wa mai saye waya ko ya aika masa tangarahu: ka ƙaro kuɗi yau, in ba haka ba na sayar. Wanda ba shi da abin ƙarawa, sai a sayar da kayansa a duk farashin da aka taya. Wannan sayarwar ta dole tana ƙara karya farashi, farashin da ya karye ya sa a kira wasu masu bashin, su ma a sayar da nasu. Kafin faɗuwar, bashin da dillalai suka ciwo don wannan harka ya haura dala biliyan 8.

Ban da bashi, tattalin arzikin kansa ya fara ciwo tun kafin kaka. Masana'antu sun ƙera motoci da rediyo fiye da abin da jama'a za su iya saye, da yawa ma biya kaɗan-kaɗan suke yi. Manoma sun shekara kusan goma amfanin gona ba daraja. A watan Agusta 1929 babban bankin tarayya reshen New York ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 6. Babu kuma hukumar da ke tilasta wa kamfani ya bayyana gaskiyar littafinsa, shi ya sa 'yan kasuwa kan haɗa baki su hura farashi, su sayar wa na baya, su zame.

Kwana shida a Oktoba

Ranar Alhamis 24 ga Oktoba aka yi cinikin hannaye miliyan 12.9, abin da ba a taɓa gani ba. Na'urar da ke buga farashi a kan siririyar takarda ta kasa bin ciniki, ta yi lattin wajen sa'a huɗu. Mutumin da ke wani gari yana karanta farashin da ya riga ya wuce, bai san ko ya tsira ko ya talauce ba, sai ya ce a sayar kawai. Da tsakar rana manyan masu banki suka taru a ofishin bankin J.P. Morgan, suka tura wani dillali mai suna Richard Whitney ya taya hannayen kamfanin ƙarfe na U.S. Steel a dala 205, sama da farashin lokacin. Hankula sun ɗan kwanta. Amma Litinin 28 ga wata ma'aunin ya faɗi kusan kashi 13, Talata 29 ya ƙara faɗuwa kusan kashi 12, aka yi cinikin hannaye miliyan 16.4. Wannan karon masu banki ba su sake tayawa ba.

Mutane da yawa suna zaton a nan abin ya ƙare. A'a, zamewa ya ci gaba da yi har 8 ga Yuli 1932, ranar da ma'aunin ya tsaya a 41. Wanda ya zuba dala 100 a ƙololuwa, 11 suka rage masa. Sai a Nuwamba 1954 aka sake ganin farashin 1929.

Yadda ta shafi wanda bai taɓa sayen hannu ba

Yawancin Amurkawa ba su da hannun jari ko ɗaya. Ta banki wutar ta iso su. Banki ba ya ajiye duk kuɗin jama'a a cikin asusun ƙarfe, kaɗan yake riƙewa, sauran ya ba da rance. Idan masu bashi suka kasa biya, raɗe-raɗi ya bazu, masu ajiya suka yi layi rana ɗaya, ko bankin kirki ne sai ya rufe. Babu inshorar ajiya a lokacin, wato lamunin biyan mai ajiya kuɗinsa idan banki ya rufe. A Disamba 1930 wani banki a New York mai suna Bank of United States ya rufe da kuɗin fiye da mutum 400,000, yawancinsu ƙananan 'yan kasuwa da ma'aikata. Daga 1930 zuwa 1933 bankuna wajen 9,000 suka durƙushe. A ganinmu babban kuskuren hukuma a nan yake: babban banki ya zuba ido, kuɗin da ke yawo a ƙasar suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ba rance, ba ciniki, sai sallamar ma'aikata. A 1933 mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu neman aiki ba shi da shi, wajen miliyan 13. Waɗanda aka kora daga gidajen haya suka kafa bukkokin kwali da gwangwani a bayan gari, suna kiransu Hooverville don yi wa Shugaba Herbert Hoover ba'a. Ana layin miya da burodi a birane, alhali a jihar Iowa wasu manoma masara suke ƙonawa don jin ɗumi, saboda ta fi kwal araha. Idan banki ya sa gonar wani a gwanjo, maƙwabta kan cika wurin su taya 'yan kwabbai, su hana kowa ƙarawa, sannan su mayar wa mai ita. Aure ya ragu, haihuwa ma ta ragu.

A Yuni 1930 Amurka ta ɗaga harajin shigo da kaya da dokar Smoot-Hawley, wasu ƙasashe suka rama, cinikin duniya ya tsuke. Jamus da ta dogara da rancen Amurka ta kai marasa aiki miliyan 6 a 1932, Hitler ya hau mulki a Janairu 1933. Har ƙasar Hausa abin ya iso: farashin gyaɗa da auduga ya faɗi, ga haraji da tsabar kuɗi ake biya, aka kuma rage haƙar kuza a Jos bayan yarjejeniyar da ƙasashe masu kuza suka ƙulla a 1931 ta taƙaita haƙarta, leburori suka koma gida.

Franklin Roosevelt ya karɓi mulkin Amurka a Maris 1933, ya rufe duk bankuna na 'yan kwanaki aka bincike su. Dokar Glass-Steagall ta raba bankin ajiya da bankin harkar jari, ta kafa hukumar inshorar ajiya, FDIC, wadda ta fara da lamunin dala 2,500 ga kowane mai ajiya. A 1934 aka kafa hukumar SEC mai sa ido kan kasuwa, aka kuma ba babban banki ikon ƙayyade abin da mai saye zai biya daga aljihunsa.

Aiki

1. Mutum yana da dala 200, dillali ya ranta masa 1,800. Idan farashi ya sauka da kashi 5 cikin 100, nawa ya rage nasa?
2. Da ya biya rabi daga aljihunsa, kashi nawa farashi zai sauka kafin uwar kuɗinsa ta ƙare?
3. Ku tattauna biyu-biyu: ta wace hanya faɗuwar ta kai ga mai ajiya a banki, ta wace hanya kuma ta kai ga manomin gyaɗa?