Kurakuran da masu ba da shawarar kuɗi suka fi yi wa mai shirin ritaya, da yadda za a gyara

Wannan magana da mu nake, mu da ake zuwa wajenmu neman shawara kan kuɗi, ko kana kamfanin fansho ne, ko banki, ko dillalin hannun jari ne kai, ko kuma kai ne ɗan bokon da dangi ke kira duk sanda aka biya wani haƙƙinsa. Yawancin ɓarnar da ake yi ba daga mugunta take zuwa ba, daga gaggawa ne. Mutum bai gama zama ba an zaro masa fom, ba a san shi ba, ba a san gidansa ba, an riga an yanke masa inda kuɗinsa zai shiga.

To daga nan matsalar take farawa. Dattijo zai zo, saura masa shekara biyu ya cika 60 ko ya cika shekara 35 yana aiki, sai ka ji ana ta yi masa bayanin riba kashi kaza, amma ba wanda ya tambaye shi mutum nawa ne ke cin abinci a gidansa. Alhali wannan ita ce tambayar farko. Baba, iyali nawa ne? Yara nawa ne har yanzu suke makaranta? 'Yan mata nawa ne ba a aurar ba? Gidan da kake ciki naka ne, ko na haya, ko na gwamnati da za a ce ka tashi bayan wata kaɗan? Akwai bashi a kanka? Kana shan maganin hawan jini ko na suga duk wata? Akwai marayun ɗan'uwa da kake riƙo? A wajenmu mutum yana ritaya da ɗan firamare a gida, wannan ba sabon abu ba ne, kuma auren 'ya mace ɗaya da kayan ɗaki da gara yana iya cinye abin da aka tara a shekaru. In baka rubuta waɗannan a takarda ba kafin ka buɗe baki, duk shawarar da za ka bayar ta wani mutum ce daban ba ta wanda ke zaune gabanka ba. Kuma a yi tambayar cikin ladabi, dattijo baya son yaro ya riƙa ƙirga masa gida, sai ka fara gaya masa dalilin da yasa kake tambaya.

Sai maganar hauhawar farashi, wadda wallahi ita ta fi cin mutane shiru. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara. Ka ɗauka mutum ya ajiye miliyan 5 an ba shi kashi 15 a shekara, ya ga miliyan 5 da dubu 750 yana murna, amma in kaya sun tashi da kashi 30 a wannan shekarar to sai yana da miliyan 6 da rabi kafin ya sayi abin da miliyan 5 ɗinsa ke saya a bara. Kuɗin ya ƙaru a takarda, a kasuwa kuma ya ragu. Gyaran shi ne duk sanda za ka faɗi riba ka ajiye lissafin hauhawar farashi kusa da ita, ka nuna masa da buhun shinkafa da kuɗin makaranta, abin da yake gani da idonsa kenan.

Ita kanta fanshon, da yawanmu bamu bayyana ta yadda ya kamata. Dokar gyaran fansho ta 2004 ce ta kawo tsarin kowane ma'aikaci da asusunsa, aka sake ta a 2014, inda ma'aikaci ke zuba aƙalla kashi 8 na albashi, mai ɗaukar aiki kuma kashi 10. Tun 2018 PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, ta raba kuɗin gida-gida: wanda bai kai 50 ba ana saka shi a asusu na biyu kai tsaye, in ya kai 50 ya koma na uku mai ƙarancin kasada, na huɗu na waɗanda suka riga suka yi ritaya ne, na ɗaya kuma mai yawan hannun jari sai matashi ya nema da kansa. Ma'aikata nawa ne suka san a wanne suke? Sau da yawa saurayi ɗan shekara 28 mai shekara talatin a gabansa ba wanda ya taɓa gaya masa yana da zaɓi. Haka nan tun Nuwamban 2020 aka buɗe damar sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara, amma sai aka mayar da ita hanyar farautar kwastoma, a rinjayi mutum ya sauya saboda wakili zai cika adadin da aka ɗora masa, ba don an kwatanta masa ribar shekara uku ko biyar na kamfanonin ba. Kuma a kula, ba kowane ma'aikacin jiha ne yake wannan tsarin ba, jihohi irin Kano da Jigawa suna da nasu tsarin da hukumarsu, don haka ka tambayi inda mutum yake aiki kafin ka fara karanto masa dokar tarayya.

Inda nake so mu tsaya sosai shi ne ranar zaɓi, lokacin da za a ce wa mai ritaya ya zaɓa tsakanin ya bar kuɗinsa a kamfanin fansho ana cire masa wata-wata, ko ya miƙa wa kamfanin inshorar rai su riƙa biyansa har ƙarshen rayuwarsa. Anan ne ake yawan zaluntar mutane ba tare da an yi musu ƙarya ba, kawai a faɗi rabi a ɓoye rabi. Wakilin inshora zai ce Alhaji namu baya ƙarewa, gaskiya ne, amma ba zai ƙara da cewa garantin da iyali ke da shi na shekara 10 ne, in mutum ya rasu bayan shekara goman nan babu sauran abin da magada za su karɓa ba. Wakilin kamfanin fansho kuma zai ce namu in ka rasu ragowar na iyalinka ne, shi ma gaskiya ne, amma ba zai so ya yi maganar abin da zai faru in Allah ya yi wa mutum tsawon rai kuɗin ya yi ƙasa ba. Abu mafi nauyi kuma, wanda ya fara da kamfanin fansho yana iya komawa inshora daga baya, amma wanda ya shiga inshora ba ya dawowa. Wannan jimla ɗaya in ka ɓoye ta ka ci amana, ko da duk sauran abin da ka faɗa daidai ne. Mai ƙananan yara da mata biyu lissafinsa daban da na wanda 'ya'yansa duk sun kama aiki. Ka ba shi duka bayanan a rubuce, da Hausa in ita ya fi ganewa, ka ce ya je gida ya kwana a kai ya yi shawara da iyali, kada ya sa hannu ranar.

Sannan a daina yi wa mutane alkawarin dunƙulen kuɗin da za a ba su ranar ritaya. Lissafinsa ya danganta da shekaru, da albashin ƙarshe, da abin da ke cikin asusun, don dole ragowar ta isa biyan na wata-wata. In ka ce masa zai samu kaza sai ya je ya ci bashi a kai.

Akwai kuma masu raina maganar riba ta haram, su ɗauka ƙauyanci ne. Mutum ya ce maka shi baya son kuɗin ruwa, sai ka yi dariya ka ce ai kowa na ci, to abin da zai biyo baya shi ne ya kwashe kuɗinsa ya ajiye a gida ko ya kai wa wani mai gemu da ya ce masa kasuwancin halal ne na raba riba duk sati. Alhali akwai hanyoyi na gaskiya. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk, wato takardun jari marasa kuɗin ruwa, a 2017 da naira biliyan 100 don gina tituna, kuma ta ci gaba da fitarwa. Bankin Jaiz yana aiki tun 2012, TAJ ya zo 2019, Lotus 2021, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, kuma a 2021 PenCom ta buɗe asusu na shida wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa, ma'aikaci ko mai ritaya yana iya neman a mayar da shi can. In baka san waɗannan ba ka koya, aikinka ne. Amma kada ka zama mufti, abin da ya shafi hukunci ka tura shi wajen malamin da ya yarda da shi.

Tunda an zo nan, maganar 'yan damfara. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, tsakaninsu kuma ƙanana ba adadi. Kuskurenmu shi ne yin shiru, kwastoma ya ce akwai wani abu da ke ba da kashi 30 a wata, sai mu ce to Allah ya sa albarka don kada ransa ya ɓaci. Ka gaya masa a fili, ka buɗe shafin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, a gabansa ku duba ko kamfanin yana da rajista, ka kuma bayyana masa cewa takardar CAC shaidar rajistar kamfani ce kawai ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba. Mafi muni shi ne mai shawarar da shi kansa yake karɓar lada in ya kawo mutum. Ko a halastaccen abu ma, in akwai kamisho da za ka samu ka faɗa masa tun farko.

Zuba komai wuri ɗaya shi ma ya gama da mutane da yawa. Waɗanda suka ga 2008 sun san yadda kasuwar hannun jari ta faɗo daga sama da maki 66,000 a watan Maris zuwa wajen 20,000 a farkon 2009, har da waɗanda bankuna suka ba rance suka sayi hannun jari suka tashi da bashi. Masu sayen babura da kuɗin sallama suna ba yara haya sun ga abin da ya faru da Kano ta hana acaɓa a 2013. Masu ajiyar hatsi sun ga farashin masara ya sauko a 2025 bayan sun saya da tsada. Fili kuwa yana da kyau amma baya sayuwa ranar da aka kwantar da mutum asibiti, kuma in takardunsa basu cika ba rigima ce aka saya. Ko banki ma, NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, tana lamunce har miliyan 5 ne ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankuna, tun ƙarin da aka yi a 2024, kuma a shekarar ne aka soke lasisin bankin Heritage, masu manyan ajiya suka shiga jira. Don haka kafin a yi maganar jari a ware kuɗin cefane da magani na wata shida a inda hannu zai kai da sauri, sauran a rarraba. Kuma in dattijon da bai taɓa kasuwanci ba ya ce zai buɗe gidan kaji da duk kuɗinsa, ka roƙe shi ya fara da kaɗan ya ga shekara ta zagayo tukuna.

'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu kuma mun yi watsi da su kamar ritaya ta ma'aikacin gwamnati ce kaɗai, alhali tela da direba da mai sayar da atamfa a Kantin Kwari duk ƙarfinsu zai ƙare wata rana. Tun 2019 akwai tsarin fansho na masu zaman kansu da ake zubawa kaɗan-kaɗan, akwai kuma takardun ajiya na gwamnatin tarayya da ake saya daga naira 5,000. Mata ma haka, Hajiya tana da adashi da gwal da awaki, dukiyarta ce ta kanta, a yi mata lissafinta daban kada a haɗe da na maigida.

Abin da muka fi gudu shi ne maganar mutuwa, muna jin nauyi, sai iyali su sha wahala daga baya. Sunan da mutum ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa ba shi ke nuna mai gadon kuɗin ba, kamfanin fansho zai nemi wasiyya da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci kafin ya saki ko kwabo, ga Musulmi kuma rabo na bin ƙa'idar gado, wasiyya bata wuce kashi ɗaya cikin uku. Iyalai da yawa basu ma san doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara ga wanda ya rasu yana bakin aiki ba. Ka zaunar da kwastomanka ku duba ko sunansa da ranar haihuwarsa sun zo ɗaya a NIN da BVN da asusun fansho, don harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin Muhammad da Mohammed yana iya riƙe kuɗi watanni. Ku cike fom ɗin da zai sa ribar hannun jarinsa ta riƙa shiga asusun banki kai tsaye, ku rubuta duk asusu da filaye da basussuka, wanda yake bi da wanda ake binsa, a takarda ɗaya, ya gaya wa mutum biyu da ya amince da su inda ya ajiye ta, ku kuma sa ranar da za ku sake zama baɗi ku sabunta ta tare da lissafin zakkarsa.