Yadda za ki haɗa adon bango mai siffar zuciya da tuntun zaren ulu

'Yar uwa wannan adon da kike gani ana ratayewa a bango ko jikin ƙofa, mai siffar zuciya an cika shi da tuntu, wallahi ba sai kin saya ba, kina zaune a tsakar gida za ki haɗa abinki. Tuntu dai kin san shi, wanda ake ɗora wa hular saƙa ta jarirai. Rataya ado mai zagaye a ƙofa al'adar Turawa ce, sun fi yi lokacin Kirsimeti da ganye, ni kuwa a wajena ɗakin amarya da na mai jego ya fi yi wa kyau.

Ki nemi zaren ulu wajen masu sayar da kayan saƙa, kamar giram 250 zai ishe ki, kala biyu ko uku kawai, ja da fari da ruwan hoda suna shiga da juna sosai, in kalolin suka yi yawa ido ba ya ganin zuciyar sai hayaniya. Sai kwali mai kauri irin katan ɗin taliya, almakashi mai kaifi, zaren kitso, gam ɗin kyandir da bindigarsa, da ɗan ribon.

Zuciyar za ki fara yi. Ki ninke takarda gida biyu ki zana rabin zuciya a jikin ninkin ki yanke, in kin buɗe za ki ga duka ɓangarorin sun zo daidai. Faɗinta ya kai santimita 30. Ki ɗora kan kwali ki fitar da guda biyu, ki yanke cikinsu ki bar baki mai faɗin yatsu uku, ki manne su waje ɗaya don falle ɗaya lanƙwashewa yake in tuntu ya yi masa nauyi. Sai ki naɗe kwalin duka da ulu yadda ko an leƙa ba za a ga rubutun katan ba, ki ɗaura ribon ɗin ratayewa tun yanzu.

To ga inda aikin yake. Ki haɗa yatsu uku ki dinga naɗa zaren a kansu sau 80 zuwa 100, kar ki matse har yatsun su fara tsami, sai ki zare a hankali ki ajiye kan zaren kitson da kika ninka biyu ki ɗaure tsakiya tamau, ki juya ki sake ɗaurewa ta baya. Dan Allah kar ki ɗaure da ulun kansa. Na farkon da na yi haka na yi, ina ja ya tsinke, wanda bai tsinke ba kuma bai kamu ba, bayan kwana biyu yarinyata ta ja sili ɗaya sai ga sauran suna biyowa, raina ya ɓaci ranar sosai. In kin ɗaure sai ki zura almakashi ki yanke madaukan gefe da gefe.

Za ki gan shi buzu-buzu babu kyan gani, kar ki karaya, aski ne ya rage. Ki shimfiɗa leda a cinyarki saboda ɓurɓushi, ki riƙe shi ta jelar zaren kina juyawa kina ragewa kaɗan-kaɗan, ki murza shi a tafin hannu ki sake dubawa, duk silin da ya fito ki datse. Mutane tsoron ragewa suke wai kar zare ya tafi a banza, alhali sai kin rage da yawa yake zama dunƙulalle cif mai laushi kamar ɗan tsako. Manya kamar 20 za ki yi, sai ƙanana 15, su a jikin cokali mai yatsu ake naɗa su sau 40 ko 50 a ɗaure ta tsakanin yatsun tsakiya.

Kafin ki taɓa gam ki jera su a kan kwalin ki ja baya ki kalla. Waje biyu ne ke fitar da zuciya, lotsawar sama da tsinin ƙasa, in kika sa manyan tuntu a nan zagaye kawai za ki samu, duk wahalarki ta tashi a faifai. Ƙanana za ki sa a wuraren nan biyu kuma da su za ki fara mannawa, sannan manyan su bi kafaɗu da gefe a matse da juna, ragowar ƙananan ki toshe duk inda kika ga rami. Wajen mannawa ki buɗa gashin tuntun ki sa gam a kan ƙullin tsakiya, ki danna ki ƙirga goma. Gam ɗin nan yana ƙona hannu, yara su matsa. In babu wuta ko ba ki da bindigar, kar ki yanke jelar zaren kitson, ki ɗaura kowanne a jikin kwalin ta baya, ya ma fi daɗewa.

Ki rataye shi nesa da hayaƙin kicin. Lokacin hunturu ƙura na shiga cikinsa musamman farin, kar ki sa masa ruwa don kwali ne a ciki, ki sauke ki kaɗe a waje ko ki bi shi da busasshen buroshi mai laushi duk sati.