Kallon tsaunukan ƙanƙara a Ayislan da ƙaramin guzuri: kurakuran da aka fi yi

Babbar hanya mai lamba 1 ta zagaye ƙasar Ayislan, tsawonta ya haura kilomita 1,300, kuma ta kudu tana bi ta gindin Vatnajökull, tsaunin ƙanƙara mafi girma a ƙasar. Ganin ƙanƙarar kyauta ne. Inda kuɗi ke zurarewa daban ne.

Kuskuren farko tun a wurin hayar mota ake yin sa. Mutum ya ɗauki babbar jif mai tsada, alhali hanyar kudu da kwalta, ƙaramar mota ta isa lokacin zafi. Sai kuma ya yi rowar inshora. Juya lissafin: ƙaramar mota, amma ka biya inshorar tsakuwa da ta yashi da toka, don iskar filayen da ke gabas da ƙauyen Vík tana kwaso yashi ta kankare fentin mota. Riƙe ƙofa da hannu biyu in za ka fita. Iska na ɓalle ta, kuma galibi inshora ba ta biyan wannan.

Wasu kan matse tafiyar a yini guda. Daga Reykjavík, babban birnin ƙasar, zuwa tafkin Jökulsárlón da ke gindin Vatnajökull kusan kilomita 380 ne, awa biyar ba tsayawa, ga gadoji masu layi ɗaya. Ka kwana a hanya. Sai dai tun 2015 doka ta hana kwana cikin motar zango a duk inda aka ga dama. Nemi sansanin da aka keɓe, ya fi otal araha nesa ba kusa ba.

Shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido a Jökulsárlón ba dole ba ne. Daga bakin tafkin kana ganin curin ƙanƙara suna shawagi, ka tsallaka titi ka same su zube kan baƙin yashi a gaɓar teku. Kuɗin ajiye mota kawai za ka biya, a nan da Skaftafell (wani wurin kallon ƙanƙara a gindin Vatnajökull), kuma kada ka tsallake shi, kamara na ɗaukar lambar mota.

Abinci kuwa, yi cefane a manyan kantunan Bónus ko Krónan kafin ka bar gari, ka sha ruwan famfo. Musulmi ya lura: tsiran burodi (hot dog) mai araha na gidajen mai yawanci da naman alade a ciki.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne hawa ƙanƙarar ba jagora don gudun biya. A Sólheimajökull, wata ƙanƙara da ke kudancin ƙasar, ana takawa har kusa da ita, sai mutum ya ga kamar tudu ne kawai. Akwai tsagogi masu zurfi, wasu dusar ƙanƙara ta lulluɓe su. Ko da jagora ma, a Agustan 2024 kogon ƙanƙara ya rufta a Breiðamerkurjökull, wani reshe na Vatnajökull, wani Ba'amurke ya rasu. In kogo kake so, bari sai hunturu, tsakanin Nuwamba da Maris. In kuɗin jagora da takalmin ƙarfe na taka ƙanƙara ba su samu ba, tsaya inda alamar ta ce a tsaya, kuma kowace safiya ka duba hasashen yanayi a shafin vedur.is kafin ka tayar da mota.