Yadda zaka wanke hoton rada mai leƙa ƙasa har bututu ya fito

Shekaranjiya ƙanina mai aikin safiyo ya turo min hoton da ya ɗauko da rada, wato na'urar da ke harba sigina cikin ƙasa ta zana abin da ya dawo, a wani ƙauye gefen Gumel, suna neman tsohon bututun da ya tashi daga burtsatse zuwa tanki, wai Yaya duba min ni dai tabarma kawai nake gani. Toh haka ɗanyen hoton yake, sai an wanke shi da manhajar kwamfuta.

Da farko ka kwafi ɗanyen fayil ɗin ka ajiye gefe. Sannan ka gyara sifilin lokaci, wato ka jawo wannan layin farko mai kauri ya zauna daidai fuskar ƙasa, in ba haka ba duk zurfin da zaka lissafa ya goce. Sai diwaw, shi ke share hazon da ke biyo bayan harbin farko, dannawa ɗaya ce.

Waɗancan layukan da suka miƙe sambal tun daga farko har ƙarshe yawanci amsa-kuwwar eriya ce, manhaja zata ɗauki matsakaicin duka harbe-harben ta debe, sai su ɓace. Amma fa hattara, in ka tura na'urar kana bin tsawon bututun shi ma a miƙe zai fito kuma tare za'a share su, shi yasa ake ratsa shi a gicciye.

Sigina yana mutuwa ne yana nitsewa, don haka a ƙara masa ƙarfi daga ƙasa, a hankali. Ni bana son ta atomatik ɗin nan, tana daidaita kowa da kowa, tsakuwa da ƙarfe duk su yi ta ihu murya ɗaya. Sai tacewa, in eriyarka mai megahaz 400 ce, wato ma'aunin saurin kaɗawar siginarta, ka bar kamar 100 zuwa 800 ka yanke sauran, kuma don Allah lokacin ɗauka a kashe waya.

Inda aikin yake shi ne maigireshan. Bututu baya fitowa a ɗigo, yana fitowa ne kamar ƙwarya a kife saboda na'urar tana hango shi tun kafin ta iso kansa da bayan ta wuce, maigireshan ke tattara ƙwaryar ta koma ɗigo amma sai ka faɗa masa gudun sigina a wannan ƙasar. A iska mita 0.3 ne duk nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, busasshen rairayi irin na jigayinmu wajen 0.15, in ya jiƙe sharkaf ya sauko kusan 0.06, kaga lambar rani bata aiki da damina. Kar ka yi ƙiyasi, ka ɗora lanƙwasar manhaja kan ƙwaryar kana canza lamba har su hau juna. In ka zarce lambar, bayan maigireshan ƙwaryar zata juye ta kalli sama, in ka gaza ƙafafunta zasu rage. Manhajar Reflexw na yi, in babu kuɗi GPRPy kyauta ne.

Laka kuwa irin ta fadamar Hadejia shanye sigina take, ba manhajar da zata dawo maka da shi.

Na ƙanina 0.12 ta hau, ɗigon na kan nanosakan 12, ka ninka ka raba biyu tunda zuwa da dawowa ne, santimita 72 kenan. Nace su sa diga daidai nan amma a hankali, bututun roba ne.