Matakan raya itatuwa daga kututture a gona

Manoman Maraɗi a Nijar suna kiran wannan dabara sassaben zamani, kuma tun shekarun 1980 take farfaɗo da gonakin da sare itatuwa ya bari fili fetal. Ba a sayen dashe, ba a ban ruwa, domin saiwar tsohon itace tana nan da ranta a ƙasa.

1. Lokacin sharar gona, zaga ka nemo kututturan da suka yi tofo: kalgo, sabara, magarya, aduwa. In ka ga gawo, kada ka kuskura ka taɓa shi. Da damina yake kaɗe ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne.

2. A kowane kututture zaɓi rassa 3 zuwa 5 mafiya ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran.

3. Wasa addarka sosai, ka riƙa sara daga ƙasa zuwa sama. In ka saro daga sama, ɓawon yakan yage har gindi, gara ta samu ƙofa. Rage ƙananan rassan gefe daga gindi har zuwa rabin tsayin kowane reshe da ka bari.

4. Ɗaura tsumma a jikin rassan don masu neman itacen girki su san da mai shi, ka kewaye da ƙaya saboda awaki.

5. Kada ka cinna wa gona wuta. Tana kashe tofon, hayaƙin kuma yana ƙara iskar da ke ɗumama duniya, wadda itatuwan nan suke zuƙewa.

6. Bayan 'yan watanni ka koma ka rage sabon tofo. Abin da ka sare, a kai gida a hura wuta.