Doguwar tafiya a jirgi ga mai amosanin gaɓɓai

'Yan uwa masu fama da amosanin gaɓɓai irina, in za ku tashi daga Legas zuwa Landan ko Jidda, don Allah maganinku ya zauna a jakar hannu, kar ku sa shi a babban akwati, can ƙasan jirgi sanyi na iya daskarar da allura irin Humira, in ta daskare kuma shikenan ta lalace. Ni ƙaramar kula nake sa ta da ƙanƙarar roba, in naɗe ta da tawul kar ta taɓa ƙanƙarar, don cunkoson Agege zuwa filin jirgin Murtala kaɗai ya isa ya ɗumama ta. Digiri 2 zuwa 8 take so.

Ku karɓi takardar likita mai sunan kowane magani, ku bar su a kwalinsu. Prednisolone, maganin rage kumburi, ba a yanke shan shi kwatsam, ku ɗauki ƙarin na sati guda ko jirgi zai yi latti.

Mai shan methotrexate, maganin da ke rage garkuwar jiki, ya ga likitansa kafin allurar rigakafin cutar shawara, don ƙwayar cikinta mai rai ce.

A jirgi kuwa ku nemi kujerar bakin hanya, duk awa ku miƙe ku ɗan taka, gwiwa ba ta son dogon zama.