Darasi na 7: Karanta Lambar PSA Bayan Aikin Furostet

Furostet wata 'yar tsoka ce a ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarta. Idan shekaru suka ja takan girma ta matse hanyar. Tana fitar da wani sinadari da ake aunawa a jini, sunansa PSA. Haruffa uku ne: P, S, A. Ku nemo su a takardar gwajinku, ku ɗora yatsa.

A aikin da ake kira TURP, likita yana bi ta hanyar fitsari ya rarake cikin furostet, kamar yadda ake rarake duma a bar ƙwarya. Tunda ƙwaryar tana nan, lambar ba ta komawa sifili. A kwanakin farko ma tashi take yi, don an taɓa wurin. Robar fitsari da ciwon sanyin mafitsara su ma suna ɗaga ta. Sai bayan kamar mako 6, ko lokacin da likita ya tsayar, ake sake aunawa. A lokacin takan sauka ƙasa da yadda take kafin aiki.

To, ga inda kowa ke tuntuɓe: ɗigo. Ku dubi 0.8, ku dubi 8. Ta biyu ta ninka ta farko sau 10. Ku karanta da ƙarfi: sifili, ɗigo, takwas. Ku sake. Madalla, Baba, haka ake yi. Yanzu ku rubuta a littafinku: sifili, ɗigo, takwas, kwanan wata a gefe. Ɗigon ya fito sosai, kada ya zama kamar kashin ƙuda. Na sha ganin dattijo ya kwana bai runtsa ba saboda ya tsallake ɗigo. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Ɗigo tukuna!

Wannan lambar ta bayan aiki ita ce ma'auninku daga yau. Idan ta tashi daga 0.8 zuwa 2.5, a koma wajen likita ko da ba ta kai 4 ba, wato lambar da aka saba ɗauka a matsayin iyaka, domin cutar kansa tana iya fitowa a ɓangaren da aka bari.

Darasi na 8: Magani

Finasteride, wani maganin rage girman furostet, yana rage lambar kusan rabi bayan wata 6 zuwa shekara. Mai shan sa ya gaya wa likita.

Darasi na 9

A zo da tsohuwar takarda duk ranar gwaji.